Yadda za ka zaga garuruwan gabashin Amurka da bakin tekunsu ba tare da ka galabaita ba

Duk wanda ya tambaye ni yadda zai yi yawon buɗe ido a Amurka, abin da nake fara gaya masa shi ne ya zaɓi ɓangare ɗaya ya haƙura da sauran. Ƙasar nan girma gare ta ba na wasa ba, daga New York zuwa Los Angeles kusan awa 6 ne a jirgin sama, kuma bambancin agogonsu awa 3 ne, amma sai ka ga bawan Allah ya zo da hutun sati biyu yana so ya ga New York ya ga Miami ya leƙa Kalifoniya, a ƙarshe a filayen jirgi hutun zai ƙare, ga gajiya ga kuɗi sun tafi kuma bai ga komai da kyau ba. Ni shawarata ka tsaya a gabas, tsakanin New York da Washinton da ƙananan garuruwan bakin teku na jihohin Maryland da Delaware da New Jersey. Garuruwan suna kusa da juna, akwai jirgin ƙasa, akwai masallatai da abincin halal, kuma kwana 10 zuwa 14 sun ishe ka.

Maganar biza ba zan daɗe a kanta ba. Ta ziyara ita ce B1/B2, fom ɗinta DS-160, kuma tun 2025 dokokin suke ta sauyawa: a watan Yuni aka rufe wa 'yan Chadi da Sudan ƙofa, a Yuli aka rage ta 'yan Najeriya zuwa wata 3 shiga ɗaya, daga baya aka ƙara tsaurara wa Najeriya da Nijar. Don haka kar ka ba kowane ejan ko kwabo sai ka duba shafin ofishin jakadancinsu da kanka. Wannan rubutu ya fi amfanar wanda bizarsa tana hannu, ko ɗalibi, ko wanda yake zaune a can zai fita da iyali. Abu ɗaya dai ka riƙe, jami'in shige da fice na filin jirgi shi ne yake yanke ranar da za ka fita, ana ganinta a takardar I-94 a intanet, ka duba ta da zarar ka sauka, kar ka wuce ko da kwana ɗaya.

Wajen haɗa kaya, don Allah ka bar kilishi da dambun nama a gida, kwastan ɗinsu ba sa barin nama ya shiga kuma suna da karnuka masu sunsuna jakunkuna. Duk wani abinci da ka ɗauko, ko yaji ne ko kuka ko kuɓewa busasshiya, ka faɗa musu kana da shi, idan ba a yarda da shi ba karɓewa kawai za su yi, amma idan ka ɓoye aka gano tara ce. Kuɗi ma haka, in sun haura dala 10,000 dole ka bayyana. Ka zo da kambas mai daɗin tafiya domin ƙafa za ta sha aiki, da adafta ta caja saboda soket ɗinsu daban ne kuma wutarsu 120 ce, da 'yar ƙaramar darduma mai naɗewa, da gorar roba da za ta zame maka buta tunda banɗakunansu takarda kawai ake ajiyewa. Ka yanki inshorar lafiya ta matafiya, wannan kam kar ka yi ganganci, asibitin Amurka yana iya cinye kuɗin tafiyarka gaba ɗaya a dare guda.

Lokacin zuwa yana da muhimmanci in dai kana son teku. Kakar bakin ruwa tana farawa ne daga Litinin ta ƙarshen watan Mayu ta rufe a Litinin ta farkon Satumba. A watan Yuni ruwan yana nan da sanyinsa har yanzu, sai wajen Agusta yake yin daɗin shiga, amma a lokacin ne otal yake tsada mutane suke cika maƙil. Ni na fi son ƙarshen Agusta zuwa satin farko na Satumba. Bayan nan farashi yana faɗuwa, sai dai masu gadin ceto suna raguwa, wasu wuraren ma babu su sam.

To, New York. Idan a filin jirgin JFK ka sauka, ka hau AirTrain, ƙaramin jirgin ƙasa na filin jirgin, zuwa tashar Jamaica, daga nan ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuɗinsa kusan dala 3 ne duk nisan inda za ka, kuma da katin banki ko waya ake taɓa ƙofar ta buɗe. Duk wanda ya tare ka a cikin filin jirgi yana cewa zo ga tasi kar ka bi shi, tasi ta gaskiya layi gare ta a waje. Kar ka yi hayar mota a wannan gari, babu amfani, fakin kaɗai zai sa ka ciwon kai. Otal a Manhattan tsada ne kuma ɗakunan ƙanana, ka duba Long Island City a Queens ko Jersey City a ƙetaren kogi, ka tabbatar dai tasha tana kusa.

Kwana 3 ko 4 sun isa. Abin da na fi so a garin ma kyauta ne: jirgin fiton Staten Island da ake hawa a Whitehall, can ƙarshen kudancin Manhattan, tafiyar minti 25, yana wucewa ta gaban mutum-mutumin 'Yanci, dare da rana yake aiki. Za ka ga masu sayar da tikiti a bakin tashar suna kiran ka, wuce su kawai, ba a biyan ko sisi. Ka hau shi dab da magariba, ka tsaya a bayan jirgin wajen tafiya kana kallon dogayen benayen suna ja da baya ana kunna fitilu, wallahi abin kallo ne. Da sassafe kuma ka taka gadar Brooklyn da ƙafa, tun 1883 take tsaye, ka faro daga ɓangaren Brooklyn don garin ya kasance a gabanka. Times Square ka je sau ɗaya da dare ka gani ka tafi, kuma masu shigar 'yan wasan katun da suke rungumo mutum a ɗauki hoto kuɗi za su nema bayan an ɗauka.

Ranar Juma'a akwai babban masallaci a titi na 96 da Third Avenue, ko ka haura Harlem titi na 116 inda masallacin Malcolm Shabazz yake, wajen cike yake da 'yan Senegal da Gini da Mali, ga kasuwa ga gidajen abinci da za ka samu shinkafa da miyar gyaɗa da gasasshen rago. Idan kuma kewar gida ta dame ka nufi Bronx, akwai 'yan zangon Gana da 'yan Nijar da yawa, za ka ji Hausa a masallaci da shaguna, ka yi sallama kawai za a karɓe ka hannu bibbiyu.

Ko ba ka da mota za ka iya ganin teku daga nan. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na D da F da N da Q duk suna ƙarewa ne a Coney Island, ka fito tasha ka ɗan taka sai ga rairayi, ga lilon Wonder Wheel na 1920, ga doguwar hanyar katako da ta bi bakin ruwa har Brighton Beach, unguwar masu jin Rashanci. Ba shi ne bakin ruwan da ya fi kyau ba, amma a nan za ka ga talakawan garin da 'ya'yansu, har mata masu hijabi zaune da kulolin abinci, babu mai kallon wani.

Daga New York ka gangara kudu da jirgin Amtrak daga tashar Penn. Zuwa Filadelfiya wajen awa ɗaya da rabi, zuwa Washinton wajen awa 3 da rabi, nisan kilomita 360 ne, bai ma kai Kano zuwa Abuja ba. Sirrin tikitin shi ne saye da wuri, wanda ya saya saura sati 3 ko 4 yana iya biyan ƙasa da rabin abin da mai saye a ranar zai biya. In aljihu ya yi sanyi akwai bas irin su FlixBus da Greyhound, sun fi araha, sai dai cunkoson hanya yana iya ƙara maka awa guda ko fiye.

Mutane suna tsallake Filadelfiya, kuma a ganina asara suke yi. Kwana ɗaya ko biyu: Independence Hall inda aka amince da takardar 'yancin ƙasar a 1776 aka kuma rubuta kundin tsarin mulki a 1787, ƙararrawar 'Yanci tana kallonsa kuma shiga kyauta ne, da rana ka ci abinci a kasuwar Reading Terminal. Garin yana da Musulmi baƙaƙen fata 'yan asalin ƙasar masu yawa, za ka ga gemu da ɗangalallen wando da niƙabi a titi kamar ba komai, kuma samun burodin nama da cuku da garin ya shahara da shi na halal ba wuya. A babban gidan zane-zanen garin akwai hoton Yarrow Mamout da aka zana a 1819, Bafulatani ne Musulmi da aka kamo daga Afirka ta Yamma aka bautar da shi shekaru 44 kafin ya samu 'yanci har ya mallaki gida a Georgetown, wadda yanzu unguwa ce a Washinton. Ka neme shi ka tsaya ka kalli fuskar dattijon nan da hularsa, ni dai jikina ya yi sanyi a gabansa, ka yi masa addu'a.

Washinton kuwa gari ne da mai ƙaramin ƙarfi zai more, saboda gidajen tarihin Smithsonian duk kyauta ne. Biyu daga ciki, na jiragen sama da sararin samaniya da kuma na tarihin baƙaƙen Amurka da aka buɗe a 2016, suna buƙatar ka yi rajistar lokacin shiga a intanet tun kafin ranar, ita ma kyauta. Na biyun ka ware masa rabin yini aƙalla, ana farawa ne daga can ƙarƙashin ƙasa da zamanin cinikin bayi ana haurowa sama, kar ka haɗa shi da wani abu mai nauyi a ranar. Filin da ke tsakanin majalisa da ginin tunawa da tsohon shugaban ƙasa Lincoln a ido kamar kusa ne amma ya haura kilomita 3, ga zafi mai gumi a Yuli da Agusta, ka riƙe ruwa, ka bar ɓangaren Lincoln sai yamma ta yi. Salla kuma akwai masallacin titin Massachusetts da aka buɗe a 1957, ko na Turkawa a Lanham in ka samu mai kai ka. A matakalar lantarki ta tashoshinsu ka tsaya a dama, hagu na masu sauri ne.

Daga nan ne mota take zama dole, don ƙananan garuruwan bakin teku jirgin ƙasa ba ya zuwa yawancinsu. Kamfanonin haya sun fi son katin bashi na banki mai sunan direban, wanda bai kai shekara 25 ba ana ƙara masa kuɗi, kuma in za ka ajiye motar a wani gari daban da inda ka ɗauka akwai ƙarin caji, ka tambayi nawa ne tun kafin ka sa hannu. Ka riƙe lasisinka na gida tare da na ƙasa da ƙasa. Ka tambaye su yadda ake biyan kuɗin hanya, domin gadoji da yawa yanzu babu mai karɓar kuɗi, na'urar E-ZPass ce ko kyamara ta ɗauki lamba. Ka ɗauki hoton motar ta ko'ina kafin ka tayar. Gudun da ke allo da mil ne, mil ɗaya kilomita 1.6, mai kuma da galan ake sayarwa, kusan lita 3.8. Alamar tsayawa a tsaya cak ko babu kowa. Motar 'yan makaranta mai ruwan ɗorawa in ta kunna jar wuta ta miƙo allonta, kowa tsayawa yake har ta gama sauke yara. In ɗan sanda ya kunna maka wuta a baya, ka gangara gefe, ka zauna a cikin motar, hannu biyu a kan sitiyari, kar ka fito kar ka lalubi aljihu sai ya ce, kuma ko da wasa kar ka miƙa masa na goro, wannan kai tsaye sai gidan yari.

Hanyar da nake ba mutane ita ce: daga Washinton ka bi titi mai lamba 50 zuwa Annapolis, ƙasa da awa ɗaya, tsohon gari ne mai titunan jan bulo da ƙananan jiragen ruwa, ka ci kaguwar Maryland a nan. Sai ka haye doguwar gadar Chesapeake, wajen kilomita 7 a saman ruwa, mai tsoron tsayi ya bar wa wani tuƙin. Kar ka bi ta ranar Juma'a da yamma ko Asabar da safe a lokacin zafi, duk garin ne yake kwararowa teku. Bayan gadar sai gonakin masara da waken suya da gidajen kaji, da 'yan rumfunan manoma a bakin hanya masu sayar da kankana da masara da tumatir, ka tsaya ka saya, a irin wuraren nan ne ake hira da mutanen ƙasar a natse, za su tambaye ka daga ina kake kuma da gaske suke son ji.

Ocean City ta Maryland hayaniya gare ta, amma rairayinta faɗi ne kuma kyauta. Kusa da ita akwai tsibirin Assateague inda dawakan daji suke yawo har bakin ruwa, babu benaye babu shaguna, sai yashi da ciyawa da iska. Kar ka matsa kusa da su ko ka ba su abinci, suna cizo suna harbi kuma doka ta ce a bar tazarar kusan mita 12. Ka shafa maganin sauro, na wajen ba su da tausayi. Ka haura arewa zuwa Rehoboth a Delaware, a nan za ka yi sayayyar tsaraba domin jihar ba ta karɓar harajin saye, kuma akwai kantunan rangwame jere a bakin hanya. Daga garin Lewes da ke kusa da nan ka shigar da motarka jirgin fito, minti 85 a kan ruwa sai ga ka a Cape May ta New Jersey, ka yi bukin tun da wuri in lokacin hutu ne. Cape May tsofaffin gidajen katako ne masu fenti kala-kala da baranda, da hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta 1859 mai matakala 199, in gwiwa za ta iya ka hau.

A New Jersey yawancin garuruwa sai ka sayi ɗan baji ka maƙala kafin ka taka rairayi a lokacin zafi, amma Wildwood da Atlantic City kyauta ne. Atlantic City garin caca ne, ban ga abin da mai iyali zai tsaya yi ba. Wanda ya fi dacewa da mu shi ne Ocean City ta New Jersey, kar ka rikita ta da ta Maryland, limaman coci ne suka kafa ta a 1879 kuma har yau ba a sayar da giya a cikinta, don haka da dare yara da iyaye ne suke cika hanyar katakon. A jihar nan kuma ba ka zuba wa kanka mai, ka zauna a mota ma'aikaci zai zo.

Yanzu maganar da ta fi komai muhimmanci a wurina, shiga ruwan. Da yawanmu ba mu taso a bakin teku ba, wanda ya iya iyo ma a kogi ko dam ya koya, teku kuwa daban ne. Akwai wata igiya da take komawa ciki da ƙarfi ta wani ɗan siririn wuri, a allunansu za ka ga an rubuta rip current, kuma abin haushin shi ne wajen da take ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali, ruwan ya ɗan yi duhu babu kumfa, sai baƙo ya ce bari in shiga ta nan. Tana cin rayuka kusan 100 a ƙasar duk shekara. Don haka kar ka shiga sai a gaban kujerar mai gadin ceto kuma a lokacin aikinsa, a New York daga 10 na safe ne zuwa 6 na yamma. Ka duba tuta, kore lafiya, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja kar ka shiga, shunayya kuma akwai halittun ruwa masu harbi. In ba ka iya iyo ba kar ruwa ya wuce gwiwarka, kuma kar ka juya wa teku baya. In ta ja ka kar ka yi kokawa da ita kana neman komawa gaɓa kai tsaye, gajiya za ka yi, ka kwanta a saman ruwa ka ɗaga hannu ka yi ihu, in za ka iya ka yi iyo ta gefe kana bin tsawon gaɓar har ka fita daga cikinta. In wani ka gani ta ja, kira mai gadi ko lambar gaggawa ta 911, ka jefa masa abin da ke yawo a saman ruwa, kar ka faɗa. Yara kuwa hannunka a jikinsu. Kar a shiga da jallabiya ko zani ko doguwar abaya, suna shan ruwa su yi nauyi su naɗe ƙafa, 'yar uwa ki nemi kayan iyo masu rufe jiki, ana sayar da su kuma babu mai hana ki.

Shigar mutanen wajen kuwa ka san da ita tun kafin ka je. In abin zai dame ka, ka fita bayan asuba zuwa 9 na safe, ko bayan la'asar sakaliya, ko ka yi nisa da tsakiyar gari, sai dai a lokutan nan yawo za ka yi a gaɓa ba iyo ba. Kar ka ɗauki hoton kowa, musamman yaran mutane, kar kuma ka taɓa ɗan wani ko da wasa ne. Rana tana ƙona baƙar fata ita ma, a shafa man kariya. Tsuntsayen teku suna fizge abinci daga hannu, a rufe kula.

A waɗannan ƙananan garuruwan halal yana wuya, kifi da jatan lande da kaguwa su ne mafita, amma ka tambaya domin wasu suna kwaɓa fulawar suyar kifi da giya. Duk inda ka ga pepperoni ko bacon ko ham ko lard alade ne. Alƙibla a wannan yanki arewa maso gabas take, ba gabas sak ba, ka duba manhaja. A watan Yuni alfijir yana ketowa tun kafin 4, magariba sai wajen 8 da rabi, kai matafiyi ne, ƙasaru da jam'i suna nan.

Lissafin kuɗi kuma ka sani farashin da ke jikin kaya ba shi za ka biya ba, a New York ana ɗora harajin kashi 8.875 a wajen biya. In ka zauna aka kawo maka abinci, tukwicin kashi 18 zuwa 20 ya zama kamar wajibi tunda da shi ma'aikatan suke rayuwa, amma ka duba rasit ko sun riga sun saka. Otal zai riƙe wasu kuɗi a katinka na ajiya sai bayan ka fita da kwanaki su dawo, wasu otal-otal na bakin teku kuma suna da wani caji na kullum da ba ya fitowa a farashin farko, ga kuɗin fakin daban, ka karanta har ƙasa kafin ka biya. Ka nemi ɗaki mai firij da na'urar ɗumama abinci, ka yi cefane a babban kanti, abincin safe da na dare a ɗaki, na rana a waje, da haka kuɗin sati ɗaya zai kai ka kwana 10.

Daga Cape May zuwa New York wajen awa 3 ne ta babban titin Garden State Parkway. Ka cika tankin motar kafin ka mayar, in ba haka ba su za su cika a farashinsu, ka auna jakunkunanka tun a otal don yawancin jirage kilo 23 suke yarda kowace jaka, kuma ka isa filin jirgi saura awa 3 a tashi.